Kafin Ka Jingine Tsohuwar Kwamfutarka: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Fara Aiki Da Linux

A ranar 14 ga watan Oktoban shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da babbar manhajarsa ta Windows 10, wato ya tsayar da gyare-gyaren tsaron da ya saba aiko wa kwamfutoci kowane wata, in ban da ƙarin wa'adi na shekara guda, zuwa Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajista. Wannan ba labari ba ne da zai hana mai sayar da albasa ko goro barci, domin kwamfutar da ke shagonsa ba ta mutu a ranar ba, kuma har yanzu in ya kunna ta za ta tashi. To amma duk wanda ya mayar da littafin bashinsa, da lissafin kayansa, da takardun kwastan cikin kwamfuta, ya kamata ya san cewa ƙofar shagon nan an daina gyara mata kwaɗo.

Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a koma Windows 11. Sai dai ita wannan ba kowace kwamfuta take hawa ba. Tana neman wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren injin Intel tana neman ƙirar da ta fara fitowa daga shekarar 2017 zuwa sama. Galibin kwamfutocin da muke gani a shagunanmu na Madina da Nima da Mamobi, a birnin Akra, sun girmi wannan sharaɗi. Ke nan zaɓi ya rage uku: a sayi sabuwa, ko a ci gaba da zama da tsohuwa ba tsaro, ko kuma a sauya mata babbar manhaja da wadda ba a biyan ko kwabo. Wannan zaɓi na uku shi ne za mu yi wa mai karatu bayaninsa a yau, daki-daki, musamman wanda bai taɓa jin sunan Linux ba.

Kwamfutocinmu da inda suka fito

Tun da aka kafa Madina a shekarar 1959 ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo, gari ne na baƙi da fatake, kuma har gobe hanyar kasuwancinsa ba ta tsaya a Gana ba. Mai kaya a nan yana da abokin ciniki a Aflao, bakin iyakar Togo, yana da wani a Paga ko Bawku, yana kuma jiran mota daga Galmi ko Birnin Ƙonni. A da, duk wannan lissafi a littafi yake, wani da boko wani da ajami. Yanzu kuwa da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ke tsaron shago sun shigar da shi kwamfuta.

Kwamfutocin nan kuma mun san asalinsu. Na hannu ne, irin waɗanda a Nijeriya ake ce wa 'yan Kwatano. Ofisoshi da makarantun Turai da Amurka ne suka gama da su, aka loda a kwantena, aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema, daga nan suka bazu zuwa layin Tip Toe da ke shataletalen Kwame Nkrumah da sauran shagunan masu gyara. Wadda ta gaji sosai, a da makomarta bolar Agbogbloshie ce, inda ake fasa ta a ƙona wayoyinta don a ciri tagulla, kafin hukuma ta rushe wurin a watan Yulin 2021, lokacin da aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku.

Abin da mai saye bai cika tambaya ba shi ne, Windows ɗin da ke kan kwamfutar ta halal ce ko kwafin sata? Sau da yawa mai gyara ne ya ɗora ta daga filashinsa, ya haɗa da wata 'yar manhaja da ke yaudarar kwamfutar ta ɗauka an biya lasisi. Irin waɗannan 'yan manhajoji kafa ce da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke bi su shiga. In an haɗa wannan da rashin gyaran tsaro, abin ya zama biyu. Mai karatu zai iya tuna abin da ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da wata cuta mai suna WannaCry ta bi kwamfutocin Windows da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, ta kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. In ta faru ga asibitin Ingila, me zai hana ta faru ga mai shago a Zongo Junction? Shi kuwa in littafin bashinsa ya kulle, wa zai zo da ƙafarsa ya ce ana bin sa buhu ashirin?

Mece ce Linux?

Kowace kwamfuta tana da gangar jiki, wato ƙarfe da robar da muke taɓawa, tana kuma da babbar manhaja, wadda ita ce ke tafiyar da komai. Ita ke karɓar umarni daga allon rubutu, ita ke adana takardu, ita ke magana da firinta, kuma a kanta sauran ƙananan manhajoji ke zama. Kamar sarkin kasuwa take: ba ta sayar da komai, amma ita ke raba rumfuna. Windows ɗaya ce daga cikin irin waɗannan manyan manhajoji. Linux ma wata ce.

Bambancinsu yana wajen mallaka. Windows ta kamfani ce, an rufe sirrin yadda aka ƙera ta, kuma lasisin amfani kawai ake sayar maka. Linux kuwa buɗaɗɗiya ce. Asalin tunanin na wani Ba'amurke ne, Richard Stallman, wanda a shekarar 1983 ya ƙaddamar da shirin GNU don samar da manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma kwafa wa ɗan'uwansa. A shekarar 1991 sai wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar, ya sake ta a Intanet, jama'a daga ko'ina suka sa hannu. Shi ya sa in ka kwafa wa maƙwabcinka Linux ba sata ka yi ba, dokar lasisin ce da kanta ta yarje maka. Ga ɗan kasuwar da ke kaffa-kaffa da halal da haram a cinikinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma a ce ai araha ba ta ado. Tun watan Nuwamban 2017, dukkan manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Jandarmomin ƙasar Faransa sun fara mayar da kwamfutocinsu kan Linux tun 2008, haka ma makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya sun daɗe a kanta. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar Jamus ta yanke shawarar sauya kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000. Abin da ya fi kusa da mu ma shi ne wayar da ke aljihunmu: duk wayar Android, ko Tecno ce ko Itel ko Samsung, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Ke nan duk mai tura kuɗi ta MoMo da irin wannan waya ya daɗe yana aiki da Linux bai sani ba.

Ba baƙuwa ba ce a Akra

A shekarar 2003 gwamnatocin Gana da Indiya suka buɗe Cibiyar Kofi Annan ta Fasahar Sadarwa a Akra, kuma shugabarta ta farko, Dorothy Gordon, ta yi fice wajen kira ga 'yan Afirka su rungumi buɗaɗɗiyar manhaja. A cibiyar ne ƙungiyar FOSSFA, mai yaɗa wannan aƙida a faɗin Afirka, ta taɓa ajiye ofishinta, kuma babban taronta mai suna Idlelo ya zo Akra a 2010, kafin ya je Abuja a 2012. Cibiyar ta ma ƙera wata babbar manhaja tata a kan Linux, ta raɗa mata suna Nyansapo, sunan ƙullin hikima a alamomin gargajiyar Asante.

Wadda ta fi shahara a tsakanin masu koyo, wato Ubuntu, ita ma tana da jinin Afirka. Wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, shi ya kafa kamfanin Canonical da ya fitar da ita a watan Oktoban 2004. Kalmar ubuntu daga harsunan Zulu da Kosa take, ma'anarta mutuntaka, wato mutum ba ya zama mutum sai da mutane. Waɗanda suka yi zamanin shagunan Intanet za su tuna cewa har zuwa 2011 kamfanin yakan aiko da faifan CD na Ubuntu kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, ko a ina yake a duniya.

Wacce za a ɗauka?

Abin da ke fara rikita mai koyo shi ne yawan sunaye. Tunda kowa na da 'yancin ɗauka ya gyara, an sami ɗaruruwan nau'o'in Linux, kamar yadda shinkafa ɗaya ce amma buhuna daban-daban. Kada mai karatu ya wahalar da kansa. Ga wanda ya saba da Windows, shawararmu ita ce Linux Mint, wadda wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara a 2006, kuma a kan Ubuntu aka gina ta. Fuskarta ta yi kama da Windows 7: ga maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, ga agogo ta dama, ga jakunkunan ajiya kamar yadda aka saba. Zubi na 22 da ya fito a watan Yulin 2024 za a ci gaba da kula da tsaronsa har zuwa 2029.

Masu Mint sun ce tana tashi a kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, ta gigabait 2, amma an fi jin daɗinta da gigabait 4, sannan tana son wurin ajiya aƙalla gigabait 20. In kwamfutar ta yi rauni, a nemi nau'inta mai suna Xfce, ko kuma Lubuntu, domin sun fi sauƙin nauyi. Wanda kuma ya fi son Ubuntu kanta, ya nemi zubin da aka rubuta wa LTS, wanda ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, ana kuma kula da shi shekara biyar. Ɗan kasuwa ba ya bukatar sabon yayi duk wata shida, abin da yake bukata shi ne wanda zai zauna daram. Sai dai kwamfutar da ta tsufa tukuf, irin ta farkon zamanin Windows XP, wadda ba ta da tsarin 64-bit, Mint da Ubuntu na yanzu ba za su hau ta ba.

In an rasa zaɓi, to ga ma'auni mai sauƙi: a ɗauki wadda wani na kusa ya iya. In yaron da ke gyara maka kwamfuta Ubuntu ya sani, to ita ce taka.

Mataki na farko: a killace littafi

Kafin a taɓa komai, a kwashe dukkan abin da ke da muhimmanci a cikin kwamfutar zuwa wani wuri: littafin bashi, lissafin kaya, rasit-rasit, hotunan takardun kwastan, hotunan iyali, da karatuttukan malamai da aka tara. A zuba su a filashi ko a ma'adanar waje, in da hali wuri biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Bayan an kwafa, a kai filashin wata kwamfuta a buɗe takardun a gani da ido cewa sun kwafu. Kada a manta da kalmomin sirri na imel da na banki, waɗanda kwamfutar ta saba cike wa mutum da kanta har ya manta su. A rubuta su a takarda a ɓoye inda ake ɓoye kuɗi. Asarar da aka fi yi wajen sauya babbar manhaja a nan ake yin ta, kuma in ta faru ba mai iya dawo da abin da ya tafi.

Mataki na biyu: a saba da kayan aiki

Dabarar da ke rage wahala ita ce a fara sauya ƙananan manhajoji tun ana kan Windows. LibreOffice, wadda ta fito a farkon 2011, kyauta ce kuma tana hawa Windows kamar yadda take hawa Linux. A cikinta akwai Writer mai aikin Word, da Calc mai aikin Excel, kuma tana buɗe takardun da aka rubuta da waɗancan. Haka ma Firefox na shiga Intanet, da VLC na kallo da saurare. A ɗora su, a yi mako biyu ko uku ana aikin shago da su. Ranar da za a koma Linux, sai a tarar da su can suna jira, domin Mint da LibreOffice da Firefox take zuwa. Ka ga gida ne kawai aka sauya, kayan ɗakin duk naka ne.

Mataki na uku: ba a cinikin biri a sama

Wannan shi ne abin da ya fi burge mu game da Linux, kuma duk ɗan kasuwa zai gane shi nan take. Ba mai sayen buhun gero bai soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar ba. Linux ma ana iya ɗanɗana ta kafin a ɗora, ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.

Ga yadda ake yi. A sami filashi mai gigabait 8 wanda ba kowa a cikinsa, domin duk abin da ke ciki zai goge. A sauko da Mint daga gidanta na asali a Intanet, girmanta kusan gigabait 3 ne, don haka gara a nemi inda ake da Intanet mai ƙarfi, ko a haɗa kuɗi a sauko da ita sau ɗaya kowa ya kwafa. Sai a yi amfani da wata 'yar manhaja kyauta, Rufus ko balenaEtcher, a rubuta ta a kan filashin. Daga nan a kashe kwamfutar, a soka filashin, a kunna, a yi ta danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A yawancin ƙirar Dell da Lenovo F12 ne, a HP kuwa F9. Da jerin sunaye ya bayyana, a zaɓi sunan filashin. Cikin 'yan mintoci Linux za ta buɗe. In an gama kallo aka kashe aka zare filashin, Windows za ta dawo kamar ba a yi komai ba.

A wannan zama na ɗanɗano, akwai abubuwan da ya wajaba a gwada ɗaya bayan ɗaya. Shin tana ganin Wi-Fi? Sauti yana fita? Firintar shago tana bugawa, musamman ƙaramar nan ta rasit? Littafin lissafinka yana buɗewa daidai, jimillarsa ba ta canza ba? Kana iya shiga asusunka na banki? WhatsApp yana buɗewa ta Firefox? Wanda ke hulɗa da tsarin kwastan na ICUMS, da Gana ta fara aiki da shi a 2020, ya gwada shiga ya gani. Abin lura, daga filashi takan yi ɗan nawa, kada wannan ya sa a yanke mata hukunci, in ta zauna a cikin kwamfutar ta fi haka sauri.

Ranar ɗorawa

In komai ya yi, sai a sa rana. Kada ta zama ranar Laraba, ranar da kasuwar Nima da ta Madina ke ci, kada kuma ta zama jajibirin zuwan mota. A zaɓi ranar da ba a bukatar kwamfutar. A tabbatar batir ya cika kuma wuta na nan, domin waɗanda suka ga dumsor na 2015 sun san abin da ɗaukewar wuta ke yi wa aikin da aka fara.

A fuskar Mint ɗin da ke kan filashi akwai alamar ɗorawa. In an danna, za ta yi tambayoyi kaɗan: harshe, tsarin allon rubutu, garin da ake, suna, da kalmar sirri. Tambaya ɗaya ce mai haɗari, wato inda za ta zauna. Zaɓi na farko shi ne ta zauna kusa da Windows, su raba ma'adanar, duk sanda aka kunna kwamfuta a zaɓi wadda za a shiga. Na biyu, wanda aka rubuta wa "Erase disk", zai share komai da komai, har Windows da takardunka. Ga mai koyo, na farko ya fi kwanciyar hankali, in akwai wuri. Wanda kuma ke da kwamfuta biyu, ya fara da wadda ba a dogara da ita ba. Aikin ba ya cika wuce rabin awa zuwa awa guda.

Da ta tashi, a haɗa ta da Intanet a bar ta ta sabunta kanta. In Wi-Fi ya ƙi, kamar yadda yakan faru da wasu tsofaffin kwamfutocin cinya, a jona waya da kebul a ba ta Intanet daga wayar, sannan a buɗe manajan direbobi ya nemo abin da ya rage. Kalmar sirrin nan kuwa a riƙe ta da kyau. Linux ba ta yarda a ɗora mata sabon abu ko a canza mata tsari sai an rubuta ta, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa cuta ba ta cika samun ƙofa ba. Kada a ba wa kowane yaron shago. A buɗe masa nasa asusun daban, wanda ba shi da ikon canza komai.

Wani sabon hali da za a koya shi ne na samun manhaja. A Windows mun saba karɓa daga filashin wani ko daga duk inda muka gani a Intanet. A Mint akwai rumbu guda da ake kira manajan manhajoji, kamar dai Play Store na waya. A nan ake nema, a danna, ta sauka. Baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, wanda ke tsorata mutane, mai shago zai iya shekara bai buɗe shi ba. Kuma kada a kwafo umarnin da ba a san ma'anarsa ba a zuba a ciki.

Abin da ɗan kan iyaka zai ƙaru da shi

Mai ciniki tsakanin Gana da Togo da Nijar da Nijeriya kuɗi uku yake juyawa: sidi, sefa da naira. Sefa tana ɗaure da kuɗin Yuro tun 1999, a kan 655.957, amma sidi da naira kullum cikin motsi suke. A Calc ana iya ware gida ɗaya a rubuta canjin ranar, sannan a jera kaya a ƙasa: kuɗin saye a sefa, kuɗin mota, kuɗin kwastan, ladan 'yan dako, da la'adar dillali. Da safe in an ji sabon farashi daga 'yan canji, gidan nan ɗaya kawai za a gyara, duk sauran lissafin ya gyara kansa, a ga nawa buhu ya tsaya a sidi kafin a yi masa kuɗi. Wannan aiki ba ya bukatar Intanet, ba ya bukatar lasisi.

Sai maganar rubutu. A cikin jerin allunan rubutu na Linux akwai na Hausar Gana da na Hausar Nijeriya, masu haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ. Akwai na Faransanci don rubuta wa abokin ciniki a Lome ko Yamai, akwai kuma na Larabci. Ana ɗora su duka, a riƙa sauyawa da dannawa ɗaya. Haka nan filashin da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa wani, wanda ya saba ɗebo cutar da ke ɓoye takardu, cutar tasa ta Windows ce, ba ta tashi a Linux. Sai dai a sani, filashin na iya ɗauke da ita ya kai wa wani mai Windows.

Inda gizo ke saƙa

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, akwai wanda wannan hanya ba tasa ba ce. Masu shagon zane da buga katin biki da kalanda a Nima da Mamobi, waɗanda abincinsu ke kan CorelDRAW da Photoshop, su sani waɗannan ba a yi su don Linux ba. Akwai madadinsu kyauta, Inkscape da GIMP, amma sai an sake koyo, kuma aikin da abokin ciniki ya kawo a tsarin Corel ba lallai ya buɗe daidai ba. Haka wanda ke da wata manhajar lissafin shago da aka saya masa don Windows, ko masu gyaran waya da ke aiki da manhajojin kamfanonin waya. Irin waɗannan su riƙe Windows a gefe, ko su ware mata kwamfuta guda.

Takardar Word mai ado da yawa takan ɗan goce in an buɗe ta a Writer. Maganin wannan, duk takardar da za a aika wa wani don karantawa kawai, a mayar da ita PDF, akwai maɓallin yin haka a saman allo. Firintocin HP yawanci ba su da matsala, amma wasu ƙananan firintocin rasit sai an sha fama, shi ya sa muka ce a gwada tun a filashi. Ko a Turai ba ko'ina abin ya tafi sumul ba: birnin Munich na Jamus ya yi shekaru fiye da goma yana kan Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows.

Kuma Linux ba laya ba ce. Ba za ta hana ɗan damfara ya kira ka ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ba, ba za ta hana ka ba shi lambar sirrinka ta MoMo ba in ka ga dama. Ba za ta tayar da ma'adanar da ta lalace ba. Kwafe littafi duk ƙarshen mako yana nan a matsayin wajibi.

Wa zai gyara in ta tsaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba. Yawancin masu gyaranmu Windows suka koya, kuma in ka kai musu kwamfuta mai Linux, abin da ya fi musu sauƙi shi ne su share ta su mayar maka da abin da suka sani, takardunka su bi ruwa. Saboda haka duk wanda zai kai gyara ya faɗa tun a bakin ƙofa cewa kada a goge komai sai da izininsa.

Maganin da ya fi ɗorewa yana hannun ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa. Kamar yadda ake haɗa kuɗi a ɗauki mai gadi, haka za a iya zaɓen yaro ɗaya ko biyu masu kai, maza ko mata, a ɗauki nauyin koyonsu, ko a Cibiyar Kofi Annan ko wurin wani da ya iya. Jami'ar Gana da ke Legon ma maƙwabciyar Madina ce, kuma ba a rasa 'ya'yan zango masu karatun kwamfuta a cikinta. Yaron da ya iya ɗora Linux, ya iya haɗa firinta, ya iya tsara littafin lissafi a Calc, ya sami sana'a, kuma filashi ɗaya a aljihunsa ya isa ya tayar da kwamfutocin layi guda, ba tare da ya saci hakkin kowa ba. Abin da ya yi aiki a Madina zai yi a Aflao, zai yi a Jibiya da Illela da Maigatari da Ɗan Isa, domin kwamfutocin iri ɗaya ne, matsalar ma iri ɗaya ce.

Saboda haka kafin mai karatu ya cire kuɗi daga jari ya sayi sabuwar kwamfuta, ko ya miƙa tsohuwar ga 'yan gwangwan, muna ba shi shawara ya fara kwafe littafinsa a yau ɗin nan, sannan ya nemi filashi mai gigabait 8 da yammaci ɗaya da ba ciniki. In ta yi masa, ya tsira da kuɗinsa da kwamfutarsa. In ba ta yi ba, ya zare filashinsa, bai yi asarar komai ba. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.